Ranar da Nas Ta Kira Sunana

Makon jiya jikokina suka rushe ɗakin Goggo a gidanmu na Ikara, wai za su yi na bulo mai tayil da banɗaki a ciki. Ban hana su ba, don ɗakin ya daɗe da zama gidan ɓeraye. Amma da magina suka iso kan gadon ƙasar da ke ƙurya, suka ga rami a ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da hayaƙi, sai suka ajiye diga suka kama gardama. Wannan ya ce murhu ne, wancan ya ce ma'ajiyar tukwane ce. Daga inda nake zaune na ce da su, "Ku matsa can, 'yan zamani, gadon wuta ne. A kansa aka gasa ni kamar tsire, a kansa kuma na kusa barin duniya." Suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Sai dai tun ranar zuciyata ta tafi can baya ta ƙi dawowa, kuma duk inda na juya mahaifiyata nake gani cikin fararen kayanta.

Nas ake ce mata. Daga Ikara har Taba da Dandamisa, in ka ce Nas ba mai tambayarka wacce, don ita kaɗai ce. A shekarun nan da Turawa suka miƙa mulki suka kama hanyar gida, ana ta buɗe ɗakunan shan magani a garuruwa, amma mace mai aikin jinya sai an tona. Ita ta yi elementare tana yarinya, bayan ta haife ni kuma Baba ya bar ta ta tafi Zariya koyon aiki. Gari ya ɗauka, wai Malam ya saki matarsa ta tafi taɓa jinin mutane. Baba mutum ne marar yawan magana. Ran nan a ƙofar masallaci ya ce da masu surutun, "In matanku suka kwanta naƙuda ta gardama, namiji kuke so ya shiga ya duba su?" Kowa ya kama neman takalminsa, daga nan maganar ta mutu.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar gidanmu. Kiran salla, sai ƙarar butarta, sai luguden matan maƙwabta ya biyo baya, sai kuma hucin risho. Wannan rishon shi ne agogon gidan. A kansa take ɗora 'yar tukunyar da take dafa allurai da sirinji, kuma ba ta sauke ta sai ta kai ƙarshen wata doguwar sura da ta haddace, tana karantawa tana goge farar rigarta da dutsen guga na gawayi. In ta gama, ta sa rigar, ta maƙala ɗan agogonta a ƙirji, ta ɗaura farin kallabi, sannan ta lulluɓe duka da babban mayafi, ta ɗauki akwatin magani. Litinin da Alhamis ba sa wuce ta ba azumi, ko da kuwa ranar tafiyar ƙafa ce zuwa ƙauye. Ba ta taɓa tsira wa mutum allura ba ta yi bismilla ba, har yara suka riƙa cewa allurar Nas ba ta da zafi. Ƙarya suke yi, na sha ta, da zafinta. In ta kama hannun marar lafiya ta zuba wa agogo ido, leɓunanta na motsi, sai mata su ce tofi take yi. Takan yi murmushi ta ce, "Bugun jini nake ƙirgawa, amma addu'ar ma ba ta ɓaci." Yanzu fa? Ka je asibiti a manna maka wani abu a yatsa ya yi ƙara, mai dubawar idonsa na kan waya, ko fuskarka bai gani ba.

Yaƙin da ta fi yi a rayuwarta kuwa da wankan jego ne. Yaran yanzu ba su san shi ba sai a baki. A ƙasarmu ta Zazzau mace in ta haihu, kwana arba'in za a yi ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya safe da yamma, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki. Ta fito ta sha kunun kanwa ƙwarya guda, mai kanwa har ya yi ɗaci, sannan ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Duk don kada sanyi ya shige ta, don a wurin iyayenmu sanyi shi ne babban abokin gaban mai jego. Nas ta ga mata da yawa da aka kawo mata sun kumbura suna haki, wasu an kawo su a makare. Ba ta ce a daina wanka ba, ta san wanda ya faɗi haka a lokacin ko ruwan sha ba za a ba shi a gari ba. Cewa take a sirka ruwan, a rage kanwa, a janye wutar gado. Kuma duk gidan da ta shiga sai ta ɗaga babban yatsanta ta ce, "Ku danna ƙaurin mai jego da wannan. In ya lotsa ya taso, lafiya lau. In ya lotsa ya zauna kamar an danna tuwo, ku kawo mini ita, ko salla kuka tarar ina yi ku tsaya in sallame." Na ji wannan magana ta fi a ƙirga, har na haddace ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ni ce 'yarta ta fari. A zamaninmu uwa ba ta kula ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa, sunansa kuwa ko da wasa ba ya fita daga bakinta. Kunya ke nan, kuma mace mai mutunci da ita ake gane ta. Ana yaye ni Goggo ta ɗauke ni, wato yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta da ɗa ko ɗaya. A ɗakinta na tashi, ita na sani uwa. Ƙannena suna ce wa mahaifiyarmu Inna, ni kuwa Nas nake ce mata kamar kowa a gari. Ita kuma in ta matsu sai ta ce "ke", in da mutane ta ce "'yar Goggo". Abin har ya kan ba da dariya. Akwai wata mata daga Taba mai irin sunana da ke zuwa awo. Nas za ta rubuta sunan a kati da hannunta, amma in layi ya zo kanta sai ta leƙa ta ce, "Matar nan ta Taba mai jan zane, shigo." Ranar da matar ta sauya zane kuwa aka sha kallo.

Ba zan yi ƙarya ba, abin yakan ci mini rai. Ina kallo za ta ɗauki ɗan wani mai majina ta share masa hanci da hannunta, ta kira shi da sunansa har da kirari, ni ta wuce ni kamar ginshiƙin rumfa. Na san in ta dawo daga Makarfi curin mazarƙwaila mafi girma ɗakinmu ake kawowa, a ce in ji Nas a ba masu ɗaki. Na san in na yi zazzaɓi ƙwayoyi kan bayyana a hannun Goggo ba a san daga inda suka fito ba. Amma yaro ba ya cin saƙo ya ƙoshi. Abin da nake so shi ne in ji yadda sunana zai fito a muryarta.

Aka yi mini aure da wani malamin makaranta a Kudan, garin rake, inda tun daga nesa kake jin ƙamshin mazarƙwaila ana dafawa, doki na zagaya injin matsewa yana huci. Da ciki ya tsufa na dawo gida goyon ciki, kai tsaye ɗakin Goggo. Ranar haihuwa da hantsi, macen da ta karɓi haihuwar rabin ƙasar nan tana tsaye a waje, ta juya wa ƙofa baya, tana magana da ungozoma kamar da bango take. "A dafa rezar nan fa. A wanke hannu da sabulu, ga shi nan na ajiye a kan turmi." Da yaron ya tsala kuka, ɗa namiji, sai ta ce alhamdulillahi sau uku, ta ɗauki akwatinta ta tafi aiki. Ranar suna kuwa gidan ya cika ya batse. Ga guɗa, ga kiɗan ƙwarya, ga ƙauri na tafasa da yaji har maƙwabta na atishawa, ni kuma ina zaune an rangaɗa mini lalle ina jin kaina wata sarauniya.

Goggo kuwa ranarta ta zo. Gwanar wanka ce ta gaske, har daga wasu unguwanni ake aiko mata, kuma tun ina ƙarama take cewa, "Ranar naki wankan za a ga aiki." Mijina ya aiko da itace jaki-jaki, aka jibge shi ya kusa kai katanga. Kafin rana ta fito tukunya na tafarfasa, Goggo ta sha ɗamara, ta tsoma ganyen runhu ta fyaɗa mini a baya. Wayyo! Sai ka ji kamar ranka zai fita ta ka. Amma ba a kuka, don wadda ta yi raki a wanka har ta tsufa tsararrakinta na yi mata gori. Ni kuwa akwai taurin kai, na cije, Goggo na yi mini kirari, "Haka nake so, 'yar gidana, ba a haifi raguwa a ɗakin nan ba!" In fito jiki na tururi, in shanye kunun kanwa, in haye gado mai zafi. Satin farko da na biyu ina jin daɗina, fatata ta yi sumul, kowa ya zo barka sai ya yaba hannun Goggo.

A sati na uku ne zoben hannuna ya ƙi fita. Sai takalmi ya matse. Sai na ga daga ɗaki zuwa bayan gida ina tsayawa in huta, ga wani busasshen tari, in na kwanta kuma kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, sai a zaune nake samun barci. Goggo ta duba ni ta tafa hannu ta ce, "Na faɗa! Sanyi ne ya sami ƙofa." Maganin sanyi kuwa sananne ne a wurinta: a ƙara wuta, a ƙara kanwa, a ƙara zafin ruwa. Da ƙauna ta yi, Allah ya jiƙanta, da duk iyakar saninta ta yi. Kullum ina ƙara kumbura, kullum tana ƙara itace.

Ran nan ba kowa a ɗaki na janye zane na danna ƙaurina da babban yatsa. Ya lotsa ya zauna. Na zuba masa ido ina jira ya taso, ya ƙi. Na kuwa san fassararsa sarai. Kun san abin da na yi? Na ja zane na rufe ƙafafuna, na ci gaba da rufe su duk lokacin da wani zai shigo. Ina tsoron a ce na yi raki, ina tsoron in kunyata Goggo. Amma yau da na tsufa zan faɗi na ukun, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. So nake in ga ko Nas za ta yi magana a kaina. Wautar ƙuruciya ke nan, na ɗora raina a faifai don in gwada uwata.

Ita kuwa ashe tarin nan ya isa kunnenta tun daga ɗakinta, kuma ta san irinsa. Sai ta shiga yi wa Goggo hannunka mai sanda. Ni ba ta da ikon zuwa duba ni, amma jika ai abokin wasa ne, don haka kullum sai ta yi sallama ta ce ta zo ganin angonta. Ta ɗauki jariri ta juya mini baya, ta ce masa, "Ango, ka gaya wa masu ɗakinku su rage wutar nan, kada su gasa mini kai tun ban tare ba." Goggo ta karɓe shi ta ce, "Ango, ka ce mata a kan irin gadon nan uwarmu ta yi jegon Malam, mijin nata, ga shi can a zaure garau." Haka suka riƙa aiken jaririn da ko wuyansa bai tsaya ba. Da wannan ta ƙi ci, sai Nas ta ɓullo da aron kanwa. Yau za ta dafa wake, gobe ɗanwake, jibi miyar kuka, har ƙannena suka fara kuka da wake. Duk kanwar da ke ɗakin Goggo ta kwashe ta da sunan aro. Goggo kuwa ta aika kasuwa aka sayo mata wata, jar kanwa ma, wadda ta fi ƙarfi. Na lura a kwanakin nan Nas ta daina cin abincin rana ko ba Litinin ba ko ba Alhamis ba, sujadarta kuma ta ƙara tsawo.

Sai ranar kasuwar Makarfi ta zo. A irin ranar Nas kan bi wata babbar mota mai ɗaukar kaya, a sauke ta a hanyar Dandamisa ta yi wa mata awo. A ranar ce kuma dangin mijina suka zo daga Kudan duba mai jego, mata cike da tsakar gida, an shimfiɗa musu tabarmi. Goggo ta ga surukai, ta ce yau za su san gidan da suka ɗauko mata. Ruwan ranar ko sirki bai gani ba. Na shiga bayan ɗaki da ƙafata, aka yi wankan, ban san yadda aka gama ba. Na fito da ɗaurin ƙirji, zane iya gwiwa, kuma ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ƙafafun da na yi kwanaki ina rufewa suka fito fili, kowacce kamar taɓarya ta sha ruwa. Na yi taku huɗu ko biyar, tari ya sarƙe ni, numfashi ya ƙi shiga, tsakar gidan ta juya. Na dafa turmi na sulale ƙasa.

A daidai lokacin mota na ta hon a waje, Nas ta kai bakin zaure da akwatinta. Abin da na fara ji shi ne faɗuwar akwatin nan, kwalabe suka yi ƙara. Macen da ban taɓa ganin ta yi sauri ba, sai ga ta a guje, mayafi ya zame ya faɗi ba ta waiwaye shi ba. Ta tsallake tabarmar baƙi, ta durƙusa cikin caɓalin ruwan wanka da farar rigarta, ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta danna. Ya lotsa ya zauna. Ta tallabo fuskata da hannu biyu.

"Rakiya! Rakiya, buɗe idonki ki dube ni!"

Jama'a, ina tsakanin rai da mutuwa, amma wallahi daɗi na ji. Ashe haka yake a bakinta! Ta ja ƙarshensa kaɗan, ba kamar yadda kowa ke faɗa ba. Na buɗe ido ina haki ina murmushi kamar wata taɓaɓɓiya. Sai wata tsohuwa cikin baƙi ta saki salati, sauran suka rufe baki da gefen mayafi. Goggo na tsaye da ganye a hannu yana ɗiga.

"Yau na ga abin da ya ishe ni," in ji Goggo. "A gaban surukai? Kunya ta ƙare a duniya! Ke da asibitinki, ni da 'yata. Sanyi ne, kuma na san maganinsa."

Nas ba ta tashi daga durƙuson ba, ta juya gare ta a haka. "Yaya, 'yarki ce, ban taɓa yi miki gardama a kanta ba, yau ma ba ƙwace na zo yi ba. Amma kawo yatsanki." Ta kama hannun Goggo, ta ɗora babban yatsanta a ƙaurina, ta danna da shi. "Kin gani? Ruwa ne ya cika ta, zuciyarta ta gaji. In ta ƙara kwana a kan gadon nan, ba ke ba ni, duk mun rasa ta. Na yi shiru kwana da kwanaki saboda kunya, ina ji ina gani. Ranar da Allah zai tambaye ni, Yaya, ba zai ce ina kunyarki ba. Cewa zai yi, na ba ki sani, me kika yi da shi?"

Goggo ta dubi ramin da yatsanta ya bari. Ta jira ya taso, kamar yadda ni ma na jira. Sai ganyen ya faɗi daga hannunta, ta ce da wata irin murya da ban san ta da ita ba, "To me kike jira? Motar ce ba ki ji tana kira?"

Daga nan gida ya kacame. Wata ta ɗauko zane, wata ta kwashe garwashin gado, surukan da suka zo baƙunta su suka ɗauke ni cak. A zaure Nas ta tsaya gaban Baba ta ce, "Malam, Zariya za mu." Shi ma fa kunyar 'yar fari ta hana shi sakewa, sai ya dubi bango ya ce, "Abin da kika gani shi ne daidai." Amma kafin mu kai mota ya riga mu, yana ce wa direba, "Yau kasuwarka ta tashi daga Makarfi ta koma Zariya, ko me za ka rasa ni zan ji da shi." Direba ya ce, "Haba Malam, Nas ce fa ta karɓi haihuwar 'yan biyuna. Ku hau kawai."

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Tunda ba na iya kwanciya, sai aka jingina ni a zaune da buhunan masara a bayan mota. Goggo ta rungume jariri tana ta salati, duk ramin da muka faɗa sai ta yi wa direba faɗa. Muka ratsa Makarfi kasuwa na ci, masu kaya na ɗaga hannu suna kiran direba da sunansa, ya wuce su fuu, suka bi mu da baki buɗe. Gonakin rake na gudu ta gefe, iska na dukan fuskata, karo na farko cikin sati uku da na ji sanyi ya taɓa ni, kuma ban mutu ba. Nas na gefena, rigarta duk laka, kanta ba mayafi sai wani zane da wata baƙuwa ta yafa mata. Ta riƙe hannuna ta zuba wa agogo ido, leɓunanta na motsi. Na tattara ɗan numfashin da ya rage mini na ce, "Inna, ƙirga kike ko addu'a?" Ban taɓa ce mata Inna ba sai ranar. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yi shiru, kina ɓata mini duka biyun."

A babban asibiti likita ya duba ni ya ce da an ƙara kwana biyu da sai dai wani labarin. Aka yi mini allurar da ta sa na yi ta zubar da ruwa, aka hana ni gishiri da kanwa, aka ce in kwanta in huta, na yi makonni a can. Goggo ta ƙi komawa gida. A kwana na uku Nas ta lura da wani ƙulli a bakin zanenta, ta ce, "Yaya, mene ne wannan?" Goggo ta ce goro ne. Aka kwance, sai ga jar kanwa, wai ko da za a buƙata. Matan ɗakin suka yi ta dariya har da masu ɗinki a ciki suna riƙe ciki. Amma kafin a sallame mu, Goggon nan ce ke bin gado-gado tana danna ƙaurin matan mutane, tana kiran ma'aikata, "Ku zo ku ga wannan, nata ya zauna!" Da muka dawo Ikara ba ta bar wanka ba, sai dai ta koma sirka ruwa, gadonta bai ƙara ganin garwashi ba, kuma duk mai jegon da ta wanke sai ta sha danna. Abin da Nas ta yi shekaru tana faɗa ba a ji ba, da ya fito daga bakin Goggo sai unguwa ta ɗauka. Gorin kuwa har ta rasu ba ta bari ba. In Nas ta wuce sai ta ce, "Ga marar kunyar gidanmu nan," Nas ta rufe fuska ta ƙara sauri.

Kada ku ce daga ranar muka zama ƙawaye. Ina! Tun a asibiti, da ta ga kumburi ya saɓe, na koma "ke", muna isa gida na koma "'yar Goggo". Ni ma na mayar da ita Nas. Yanzu ina kallon jikata da 'yarta ta fari, ta kira ta da suna, ta kira ta da wasu sunayen na shagwaɓa, ta sumbace ta a gaban kowa, ta ɗauki hotonta a waya tun ba a yanke cibiya ba. Wani lokaci in ce kai, zamani ya zubar da kunya. Wani lokaci kuma in tuna ramin nan a ƙaurina in ce ku kira abinku, 'ya'yana, ku kira da ƙarfi. Sai dai ina tantama ko cikinsu akwai wadda sunanta ya taɓa yi mata daɗi kamar yadda nawa ya yi mini a cikin caɓalin ruwan wanka.

Bayan shekaru masu yawa, ta bar aiki, ido ya yi rauni, agogon ƙirjin ya tsaya amma yana nan cikin kwanon tasbaharta, na zo gida na same ta bayan la'asar a kan buzunta. Ni ma lokacin na aurar da 'ya'ya. Muna ɓarar gyaɗa mu biyu, ba kowa, sai tsokana ta taso mini. Na ce, "Nas, ashe dai kin san sunana? Sau biyu kacal na ji shi a bakinki duk tsawon rayuwata, su ma a rana ɗaya, sai da na kusa mutuwa."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tsohuwa da ita, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ci gaba da murza ɓawon gyaɗa. Sannan ta shafa buzun da take zaune a kai, daidai inda goshinta ya cinye gashin.

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji ta. "Tun ranar da aka raɗa miki shi, kullum sau biyar nake faɗarsa. Ba ke nake faɗa wa ba, shi ya sa ba ki ji."